Yadda Ake Canja Man Giya da Filta a Mota Mai Giyar Atomatik

Yawancin masu motoci ba sa wasa da juyen baƙin mai, amma man giya yakan shekara biyar ko shida a cikin mota ba wanda ya waiwaye shi, sai ranar da giya ta fara fizga ko ta yi jinkirin shiga da safe. A lokacin kuwa sau da yawa ɓarna ta riga ta fara, domin a giyar atomatik aikin mai ya wuce shafa wa ƙarafa santsi. Shi ne yake ɗaukar ƙarfin injin ta cikin konbata, wato na'urar da take tsakanin injin da giya, ya miƙa wa giya, shi ne yake matse faiba, wato shafin da yake jikin farantan kuloci na cikin giya, duk lokacin da giya za ta canja, kuma shi ne yake kwashe zafi ya kai lagireto a sanyaya shi. Babban abin da yake kashe wannan mai shi ne zafi, mu kuma a nan muna da shi da yawa: motar da take yini cikin cunkoson Kano ko Kaduna a watan Afrilu, ko take ɗaukar kaya da mutane zuwa Sakkwato da tsakar rana, manta yana tsufa da wuri fiye da na motar da take ƙasa mai sanyi. A ganina, wanda yake tuƙi a irin wannan yanayi bai kamata ya wuce kilomita 40,000 zuwa 60,000 bai canja man giya ba, kuma wanda ya sayi mota 'yar kwatano bai san tarihinta ba, gara ya fara da wannan aiki tun kafin ya saba da ita.

Zan yi bayanin ne a kan Toyota Camry ta shekarun 2002 zuwa 2006 mai silinda huɗu, wadda aka fi sani da Big Daddy, saboda tana da yawa a titunanmu kuma giyarta tana da duk abin da ake bukata a koya: notin zubar da mai, kwanon da ake kwancewa a ƙasa, filta a ciki, da geji na auna mai. Tsarin aikin kusan ɗaya ne a Corolla ta wannan zamani da wasu motoci da dama, sai dai adadin mai da yawan notuna suna bambanta.

Kafin a taɓa sifana

Abu na farko shi ne ka zaro gejin man giya, ka ɗiga man a kan farar takarda ko farin tsumma, ka duba launinsa, ka kuma shinshina shi. Sabon mai ja ne garau. Idan ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa amma ba ya warin ƙuna, to ya gaji ne kawai, kuma wannan shi ne lokacin da canji yake da amfani sosai. Idan ya yi baƙi ƙirin, yana ƙauri, kuma giyar ta riga ta fara sulluɓewa, wato injin yana ƙara amma mota ba ta ja, to faiba ta cinye, kuma sabon mai ba zai dawo da ita ba. A irin wannan hali ne ake jin mutane suna cewa canjin mai ya kashe musu giya, alhali giyar ta daɗe da lalacewa, garin faibar da yake yawo cikin tsohon man ne ya ɗan riƙe ta. Idan kuma man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ne ya shiga, ko dai ta bututun sanyaya mai da yake cikin lagireto idan ya fashe, ko kuma motar ta shiga ruwa mai zurfi da damina. Wannan yana bukatar a gano ta inda ruwan ya shiga a gyara tukuna, domin ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin farantinta.

Abu na biyu, wanda na fi so mai karatu ya riƙe fiye da komai, shi ne irin man da za a zuba. Man giya ba iri ɗaya ba ne, ko da yake kusan dukkansu ja ne. Wannan Camry tana shan Toyota ATF Type T-IV, kuma galibi za ka ga an rubuta hakan a jikin gejin ko a littafin motar. Camry ta 1997 zuwa 2001 Dexron take sha, ta 2007 zuwa sama kuma WS. Honda tana da nata, wato Z1 a da, DW-1 daga baya, motoci masu giyar CVT, wadda take aiki da bel maimakon hawa giya ɗaya bayan ɗaya, kuma mansu daban ne gaba ɗaya. Bambancin yana cikin sinadaran da suke daidaita yadda faiba take kamawa, saboda haka idan aka zuba wanda bai dace ba, mota za ta tashi ta yi tafiya, amma sannu a hankali giya za ta fara buguwa ko rawa wajen canji. Kada ka yarda da maganar cewa duk jan mai ɗaya ne. Ka sayi naka da kanka a wurin wanda ka amince da shi, ka tabbatar murfin gwangwanin ko robar bai taɓa buɗuwa ba, domin jabun mai yana yawo a kasuwa kuma arahar da ta wuce hankali alama ce.

Ka tanadi lita biyar na man, ko da yake aikin ba zai cinye su duka ba. Ka sayi sabuwar filta tare da zoben robarta da gaskit na kwanon, waɗanda galibi ake sayar da su a kwali ɗaya, da sabuwar washa ta notin zubar da mai. A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tafi da shekarar motar da lambar jikinta, domin a cikin waɗannan shekaru akwai mai giya huɗu da mai giya biyar, kuma bai kamata a zaɓi filta da ka ba. Daga kayan aiki kana bukatar alanki mai lamba 10, soket mai lamba 10 da dogon hannu da gwiwar da take lanƙwasawa, ƙaramar sifana mai lamba 10, faffaɗan baho na tarar mai, jarka mai alamar lita, dogon mazurari mai siririn baki, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Idan za ka iya samun sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka aro ta, domin za ta raba ka da matsala mafi yawa a wannan aiki.

Ka zaɓi wurin da ba iska da ƙura. Cikin giya akwai ƙananan hanyoyin mai da bawul-bawul waɗanda ƙwayar yashi ɗaya take iya maƙale su, saboda haka buɗe kwanon giya a filin Allah ranar da hunturu yake kaɗawa ba dabara ba ce.

Ɗaga mota da zubar da tsohon mai

Ka tuƙa motar na minti goma domin man ya yi ɗumi ya saki jiki, sannan ka ajiye ta a wuri mai daidai, ka sa giya a P, ka ja burkin hannu, ka kashe injin, ka tokare tayoyin baya da katako ko dutse. Idan akwai ramin gareji, shi ya fi sauƙi. Idan babu, ka ɗaga gaban motar da jak, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe biyu da aka yi domin wannan aiki, ka girgiza ta ka tabbatar ta zauna. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, kuma kada ka dogara da bulon siminti, domin yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

A ƙarƙashi za ka ga kwano biyu, na injin da na giya, kuma an sha samun wanda ya zubar da na injin yana tsammanin na giya ne. Na giya yana ɓangaren direba, kuma notinsa mai rami ne a tsakiya wanda alanki yake shiga, saɓanin na injin da ake kamawa da sifana ta waje. Ka goge kewayen kwanon da kyau kafin ka kwance komai. Ka zaro gejin daga sama domin iska ta shiga, ka sa baho, ka tura alankin har ƙarshen ramin notin kafin ka murɗa domin kada ya cinye bakin, sannan ka kwance a hankali. Ka kula da hannunka, domin man yana iya ƙona fata, haka ma bututun salansa da yake kusa.

Ka bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗiga. Abin da zai fito kimanin lita uku da rabi ne. Ka mayar da notin da hannu na ɗan lokaci, ka juye man cikin jarka mai alamar lita, ka rubuta adadin a takarda. Duk abin da zai ƙara zuba daga kwano da filta shi ma ka haɗa shi a cikin lissafin, domin wannan adadi shi ne zai gaya maka yawan sabon man da za ka fara zubawa.

Kwance kwano da canja filta

Kwanon yana ɗaure da ƙananan notuna 18 masu lamba 10. Yawancinsu suna fili, amma akwai 'yan kaɗan da suke saman ƙarfen da yake riƙe da injin da giya, inda soket ba ya shiga kai tsaye, kuma a nan ne gwiwar soket ko ƙaramar sifana take aiki. Waɗannan su za ka fara kwancewa tun kana da haƙuri, ka kuma tabbatar sifanar ta zauna sosai kafin ka ja, domin idan kan noti ya cinye a wannan lungu, aikin awa biyu zai koma na yini guda. Ka cire sauran, ka bar biyu a gefe ɗaya a sassauce, yadda kwanon zai karkata ya zubar da ragowar man da yake ƙasansa cikin baho. Idan ya manne, ka ɗan bubbuga gefensa da gudumar roba ko katako. Kada ka cusa sukundireba tsakanin kwanon da jikin giya, saboda jikin giyar alminiyam ne, kuma zane ɗaya a wannan fuska zai iya zama yoyo na dindindin.

Idan kwanon ya sauko, kada ka yi gaggawar wanke shi, domin a cikinsa ne za ka karanta lafiyar giyarka. A ƙasansa akwai ƙananan maganaɗisu da aka sa domin su kama garin ƙarfe. Laushin baƙin gari mai kama da kwalli a jikinsu ba abin damuwa ba ne, haka kowace giya take yi da tsufa. Abin da yake tayar da hankali shi ne gutsattsarin ƙarfe masu ƙyalli da za ka ji su a yatsa, ko ɓarɓashin tagulla, ko tarin baƙin ɓawo mai yawa wanda yake nuna faiba tana zubewa. Idan ka ga irin waɗannan, ka ƙarasa aikin, amma ka kai motar wurin bakaniken giya ya duba ta tun kafin ta tsaya da kai a hanya.

Ka lura da inda kowane maganaɗisu yake zaune, ka ciro su ka goge tas, ka wanke kwanon da fetur mai tsabta ko feshin wanke burki, ka kankare duk ragowar tsohon gaskit, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka mayar da su inda suke. Ka ɗora bakin kwanon a kan abu mai shimfiɗe ka duba ko kewayen ramukan notuna sun turo sama saboda ɗaurin da ya wuce kima a baya, idan sun turo ka daidaita su da ƙaramar guduma a hankali.

Yanzu idan ka ɗaga kai za ka ga filtar a manne da sashen bawul, notuna uku ne suke riƙe da ita. Su kaɗai za ka kwance. Sauran notunan da wayoyin da kake gani na sashen bawul ne da na'urorin da suke canja giya, kuma ba ruwanka da su a wannan aiki. Ka ajiye notunan uku yadda za ka gane ramin kowanne. Ka riƙe filtar da hannu ɗaya, ka jawo ta ƙasa a miƙe, ka kuma kawar da fuskarka, domin akwai mai a cikinta da zai zubo. Ka duba wuyan tsohuwar filtar ka ga ko zoben robarta ya fito tare da ita. Idan bai fito ba, yana maƙale a cikin ramin, kuma dole ka ciro shi da yatsa ko wani abu na roba. Zobe biyu a rami ɗaya, ko rashin zobe gaba ɗaya, yana sa famfon giya ya riƙa zuƙar iska maimakon mai, sai ka ji motar tana kuka kuma giya tana jinkirin kamawa.

Wasu bakanikai sukan wanke tsohuwar filta da fetur su mayar. Idan ta ragar ƙarfe ce zalla, wankin yana ɗan taimakawa, amma wadda cikinta yake da abu mai kama da takarda ko zare ba ta wankuwa, dattin yana can cikin zaren. Tunda an riga an sha wahalar sauke kwano, ni ban ga dalilin mayar da tsohuwa ba. Ka jera sabuwar da tsohuwar ka tabbatar surarsu da ramukansu ɗaya ne, ka sa sabon zoben a wuyanta, ka shafa masa sabon man giya da yatsa, ka tura ta cikin ramin a miƙe har ta zauna, sannan ka ɗaure notunan uku da ƙarfin Nm 11 (Nm shi ne ma'aunin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri take nunawa).

Mayar da kwano

Ka goge fuskar giyar inda gaskit zai zauna har ta bushe. Ka shimfiɗa sabon gaskit a kan kwanon, ka zura notuna uku ko huɗu ta cikin ramukansa domin su riƙe shi a wurinsa. Kada ka shafa gam. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a garejinmu, kuma illarta ita ce idan aka ɗaure, gam ɗin yana matsowa ta ciki, ya gutsure, ya bi mai ya toshe filta ko ya shiga bawul. Gaskit mai kyau a kan fuska mai tsabta ya isa.

Ka ɗaga kwanon, ka kama duk notunan 18 da hannu kafin ka ɗaure ko ɗaya, domin idan noti ya shiga a karkace cikin alminiyam, zaren ramin ne zai tafi. Sannan ka ɗaure su a zagaye biyu ko uku, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, yadda gaskit zai kwanta daidai ko'ina. Ƙarfin ɗaurinsu Nm 8 ne kacal, wato ɗaurin wuyan hannu, ba na kafaɗa ba. Yawancin yoyon da ake gani bayan wannan aiki daga yawan ɗauri yake zuwa, domin gaskit yana tsagewa ko ya fito ta gefe. Daga nan ka cire notin zubar da mai, ka sa masa sabuwar washa, ka ɗaure shi da Nm 49.

Zuba sabon mai da auna shi

Ka sauke motar ƙasa, domin ba a auna man giya mota tana karkace. Ka sa mazurari mai tsabta a bututun gejin, ka zuba sabon mai a hankali daidai adadin da ka rubuta, ko ka rage kamar kwatan lita, saboda ƙarawa ta fi ragewa sauƙi. Idan an sauke kwano da filta, adadin yakan kai wajen lita huɗu. Ka tayar da injin ka bar shi a silo, ka taka burki, ka bi da giyar ta kowane matsayi daga P har zuwa L, kana tsayawa daƙiƙa uku ko huɗu a kowanne domin mai ya cika hanyoyinsa, sannan ka dawo P. Injin yana aiki, ka zaro gejin, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. A wannan lokaci man ya kamata ya kasance a tsakanin alamomin COOL da suke jikin gejin. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko akwai ɗiga.

Awon da ake dogara da shi shi ne na zafi. Ka tuƙa motar kamar minti 15 zuwa 20 a hankali, kana sauraren yadda take canja giya, har man ya kai zafin aikinsa na digiri 70 zuwa 80. Ka tsaya a wuri mai daidai, ka sake bi da giyar ta duk matsayi, ka auna injin yana silo. Man ya tsaya a tsakanin alamomin HOT. Ka duba fuskokin gejin biyu ka ɗauki wadda ta fi ƙasa, domin man da ya shafi bututun yakan yaudari ido. Idan ya gaza, ka ƙara kaɗan-kaɗan kana sake aunawa. Idan ya wuce, ka rage ta notin ƙasa ko ka zuƙe da sirinji da siririn tiyo ta bututun gejin. Kada ka bar shi a haka da tunanin yawa ya fi kaɗan, domin man da ya yi yawa ƙarafan da suke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta iya matse faiba.

Ya kamata a sani cewa wannan giya tana ɗaukar kimanin lita takwas gaba ɗaya, kuma kimanin rabin tsohon man yana nan a cikin konbata da bututun sanyaya mai, inda notin ƙasa ba ya kaiwa. Shi ya sa za ka ga sabon man ya ɗan yi duhu bayan kwana biyu, kuma ba wata matsala ba ce. Idan tsohon man ya yi datti sosai, ka yi tafiyar kilomita 500 zuwa 1,000, ka sake zubarwa ta notin ƙasa kaɗai ba tare da sauke kwano ba, ka zuba sabo daidai abin da ya fita. Da zagaye na biyu kimanin kashi bakwai cikin goma na man ya zama sabo, da na uku kuma ya haura kashi huɗu cikin biyar. Na fi son wannan hanya ga tsohuwar giya a kan a canja man duka a rana ɗaya, kuma ba na ba da shawarar zuba wani sinadarin wanke giya a ciki.

Wannan bayani bai shafi kowace mota ba. Camry mai silinda shida daga 2007, da mai silinda huɗu daga 2010, ba su da geji, ana auna mansu ne ta wani bututun ambaliya da yake cikin kwano, kuma sai man yana wajen digiri 40, abin da galibi ake ganewa da na'urar da take karanta zafin giya daga kwamfutar mota. Honda Accord ta wannan zamani kuma ba ta da kwanon da ake saukewa, zubarwa da zubawa kaɗai ake yi mata.

Tsohon man ka zuba shi a jarka mai murfi ka kai gareji ko wurin masu juye da suke tara shi, kada ya shiga kwata ko ƙasa kusa da rijiya. Ka rubuta kwanan wata da kilomitar da motar take kai da irin man da ka zuba, ka ajiye tare da takardun mota. Washegari da safe ka leƙa ƙarƙashi ka shafa gefen kwanon da yatsa, sannan bayan mako guda ka sake yin haka ka kuma sake auna man da zafi, domin sabon gaskit yakan ɗan kwanta, kuma idan ka ga danshi a wani gefe, ƙaramin ƙarin ɗauri a notunan wannan wuri yakan isa.